Karya Tsinke

Na ji ku jiya. Kuna tsammanin kunnena ya tsufa tare da ni, to bai tsufa ba. Kai Nura ka ce wa Zainabu, "An turo mu wurin hutu, aikin laburare ai zama ne da kaɗe ƙura." Ita kuma ta yi dariya ta ce komai yanzu yana cikin waya. Ban ji haushi ba, don ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da aka ɗauko ni daga ɗakin kati aka kawo ni nan. Ku jawo benci ku zauna. Tunda ku za ku karɓi ɗakin karatun ma'aikatan asibitin nan idan na ajiye aiki bayan Sallah, gara ku ji yadda ake yin sa. Kuma zan gaya muku yadda Hajiya Hajara, shugabar nas-nas ɗin nan da kuke gyara tsayuwa idan kun hango ta, saura ƙiris ta tuɓe farar riga ta bar aikin asibiti har abada.

Aikin farko da Baba Ishaya ya ba ni shi ne gwangwanaye. Baba Ishaya shi ya kafa ɗakin nan. Kirista ne daga kudancin Kaduna, tsohon malamin makaranta, gajere mai ƙaramar murya. Muna yi wa Hausarsa dariya, shi ma yana yi wa tamu. Ya durƙusa ya nuna mini ƙafafun kantoci, kowace ƙafa tana tsaye cikin gwangwanin madara mai ɗan baƙin mai a ciki. Ya ce, "Bawa, gara ita ce babbar mai karatu a garin Anka, kuma abin da ta ara ba ta mayarwa." Kowace safiya sai na zagaya a durƙushe na duba gwangwanayen nan kafin in taɓa littafi. Na yi ta ƙunƙuni a raina, wai ni da sakandarena an mai da ni mai gadin gara. Wata damina reshen tsintsiya ya jingina da kanta ɗaya, gara ta samu gada ta hau. Kafin mu farga ta cinye rabin babban littafin haihuwa, ta bar mana bango da ƙasa. Daga ranar ban sake ƙunƙuni ba.

Bayan gara sai ɗinki. Littafin asibiti nauyi gare shi, kuma masu karanta shi hannunsu bai san lallashi ba. Za ku ga an dawo da shi bayansa ya tsage, shafuka suna reto. Ga kayan aikin can cikin akwatin katako: basilla, zaren ɗinkin takalmi, ƙaro da nake jiƙawa a kwalba, da fatar akuya da nake karɓowa wurin dukawa in yanka in lulluɓe bayan littafin. Kada ku taɓa liƙa shi da kokon rogo, kyankyasai za ku gayyato walima. In kun ɗinka kun shafa ƙaro, ku ɗora masa dutsen nan mai faɗi ya kwana. Dutsen ya girme ku a aikin gwamnati, ku girmama shi.

Amma duk wannan aikin hannu ne, ko wa aka nuna wa zai iya. Ainihin sana'ar tana bayan ƙofa, ga ta can a jingine. Tsintsiya.

Kun san halin mutanenmu. In majinyaci ya ga likita ya buɗe littafi a gabansa, ko ya ji an ce an gan shi yana dubawa, shi ke nan, sai labari ya kai kasuwa cewa wane bai iya ba, sai ya duba takarda. Ma'aikaci ya san haka. Shi ya sa babu wanda zai shigo nan ya ce, "Malam Bawa, ban san kaza ba, nemo mini." Ya gwammace ya kwana da damuwarsa. Baba Ishaya ya daɗe yana zaune cikin littattafai ba mai shigowa, sai ya samo dabara. Zai fita ya zauna wurin mai shayi a bakin ƙofa, ko gindin dogon yaro inda ake hutawa, ya kasa kunne. Nan zai ji wata nas tana cewa wani gyambo ya ƙi warkewa, ko wani yana mitar yaron da zazzaɓinsa ya ƙi sauka. Ba zai ce uffan ba. Sai ya dawo ya nemo littafin, ya nemo shafin, ya zare tsinke ɗaya daga tsintsiya ya sa a wurin. Ya kai ya ajiye cikin aljihun teburin mutumin ko ƙarƙashin rigarsa ta aiki, lokacin da ba ya nan. Ba suna, ba rubutu, ba magana.

Amsar ma da tsinke take zuwa. In abin ya yi wa mutum amfani, sai ya karya tsinken biyu ya bar shi a shafin, ya aiko da littafin ko ya ajiye a taga. In ka ga tsinke ya dawo lafiyayye, ka yi kuskuren littafi ko na lokaci, ka sake lale. Kuma ba a tambaya. Ko a hanya kuka haɗu, gaisuwa ce kawai da tambayar iyali. Akwai wani likita da muka yi da shi, mai ji da kansa, bai taɓa karya mini tsinke ba ko sau ɗaya. Amma littafin kan dawo da tabon man ƙosai daidai a shafin da na sa masa. Ni kuwa na ɗauki man ƙosan nan a matsayin karya tsinke, na ci gaba da kai masa.

Sai allo. Wancan da ke baranda, kowace Litinin ake sabunta shi. Sama labarai: wa aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Gummi, wa ta haihu, wace mujalla ta iso, yaushe za a yi bita. Ƙasa kuma abin karantawa na mako, littafi ɗaya ko shafi ɗaya, da layi biyu na dalilin da ya sa. Kada ku cika shi. Mai jinya a tsaye take karantawa, da tire a hannu. Kuma ku sa haihuwa da aure a sama kamar yadda Baba Ishaya ya koya mini, don su ne ke tsayar da mutum, in ya tsaya idonsa zai gangaro ƙasa da kansa. Ke Zainabu mai waya, na san yanzu ana tura shi a waya ma, ni ma jikata ta koya mini. Amma lokacin da aka yanke sabis saboda 'yan bindiga, da kin ga barandar nan. Har masu cewa allona kayan tarihi ne suna ture juna a gabansa.

To, Hajara. Ta zo mana tana yarinya, daga wani ƙauye ta wajen Bukkuyum, siririya, mai saurin tafiya, ga baki. Aka sa ta ɗakin yara. Ita kaɗai ce ba ta jin kunyar shigowa nan. Za ta banko ƙofa ta ce, "Malam Bawa, mi kaka ɓoye muna yau?" Ta ɗauki littafi ta zauna a kan akwatin kayan ɗinkina, ta cinye mini gyaɗa. Tsinkena ba ya kwana a hannunta, da safe zan same shi a karye. Na so yarinyar nan kamar 'yar cikina, kuma ba ni kaɗai ba.

Baba Ishaya ya riga ya koma garinsu lokacin da shekarar dalma ta zo. Ba sai na ba ku labarinta duka ba, iyayenku sun sani. An samu zinari a duwatsun yankin nan, maza suna haƙowa su kawo gida, mata suna dakawa suna niƙawa a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da gubar dalma. Yara suka fara zuwa suna jijjiga, ido ya kafe, wasu ba sa gani, wasu ba sa ji. Da fari aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, aka ɗauka sanƙarau ne. Kafin a gane, ƙauyuka sun yi ta binne yara. Da aka gane, likitoci suka zo daga waje da maganin da ke fitar da gubar daga jini, aka cika ɗakin yara har baranda, uwaye suna kwana a tabarma makonni.

A shekarar nan na gama tsintsiya guda cur. Duk takardar da ta yi maganar dalma na nemo ta, na roƙi baƙin likitocin abin da suka zo da shi, na ɗinka na rarraba. Tsinkaye suna dawowa a karye daga kowane ɗaki. Ban da na Hajara.

Akwai wata yarinya, Ramatu, ba a daɗe da yaye ta ba. Hajara ta ɗauke ta kamar tata, har goya ta take yi tana zagayen ba da magani. Ramatu ta warke, ta fara tafiya tana riƙe gadaje, aka sallame su, har na sa a allo. Ba a daɗe ba aka dawo da ita a kan babur tana jijjiga fiye da farko. A hannun Hajara ta cika. Kuma ba ita kaɗai ba, yara da dama da aka sallama lafiya sai su dawo da gubar sabuwa, alhali an yi ta gaya wa iyaye su raba gidajensu da dalma, su kuma suna rantsuwa sun raba.

Hajara ta daina banko ƙofa. Na kai mata takarda a kan maganin, tsinke ya dawo lafiyayye. Na kai mata wata a kan jinyar yaro mai jijjiga, ya dawo lafiyayye. Wata rana da la'asar ta shigo a hankali, ta ajiye littattafan da ke hannunta duka a kan tebur.

Ta ce, "Malam, ga kayanka. Ƙarshen wata ni ka tahiya. Kawuna na da shagon atamfa Gummi, ya ce in zaka in zauna mai."

Na ce, "Hajara, atamfa?"

Ta ce, "Atamfa ba ta mutuwa ga hannun mutum. Na san maganin, Malam, na san awon, duk na karanta. Muna wanke ɗiya muna maishe su, suna dawowa. Na gaji."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in ta tafi, ɗakin yara ya yi rashin da ba za a mayar ba, ita ma kuma ba za ta ƙara zama Hajarar da na sani ba. Na zauna ina kallon kantoci. Duk abin da ke kansu ta riga ta sani. Can na tuna da wani littafi da Baba Ishaya ya bar mini a ƙasan akwati. Ba shi da bango, ba shi da shafin farko, har yau ban san wanda ya rubuta ba. Ba littafin magani ba ne. Wata ungozoma ce a wata ƙasa mai nisa take ba da labarin rayuwarta, da wata annoba da ta same su. Ranar da zai tafi ya ce mini, "Wannan kada ka sa shi a kanta. Ka ajiye wa wanda ya san komai amma ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa."

Na nemo wurin da matar take cewa ta wanke gawar wani yaro, ta fita bayan ɗaki ta zauna a ƙasa, ta rantse ba za ta koma ba. Nan na sa tsinke. Ban sa a inda ta koma ba, na bar wa Hajara ta kai can da kanta in ta ga dama. Na ajiye shi cikin jakarta lokacin da take salla.

Littafin bai dawo ba. Wata yana ta ƙarewa, ina duba taga kowace safiya, babu komai. Har na ji an fara maganar wadda za a mayar gurbinta. Ranar hutunta ta tafi ƙauyensu, na ce shi ke nan, kaya ta fara kwashewa.

Ranar Lahadi da hantsi ina ɗinki, sai aka banko ƙofa. Yadda aka banko ta na san ko wace ce. Ta shigo da ƙurar hanya a mayafinta, ta zauna a kan akwati.

Ashe ta karanta littafin har ƙarshe. Can gaba ungozomar ta ba da labarin yadda ta daina jiran mata a asibiti, ta bi su gida ta ga abin da suke yi da maganar da aka gaya musu. Shi ne Hajara da ta je gida, maimakon ta shige ɗaki ta kwanta, ta tsaya ta dubi tsakar gidansu. Ta ga Innarta tana tuwo a tukunyar ƙasa, abin da rabonta da gani tun tana ƙarama. Ta leƙa bayan ɗaki, ga tukwanen dalma an kife su a kan juna, har da ludayi da madambaci. A gefe guda kuma matan yayyenta suna dakan dutsen zinari a turmi, ƙura tana tashi, yara suna rarrafe a ciki suna sa hannu a baki.

Ta ce, "Nic ce, Inna, ina tukwanenki? Tac ce, ai ku munka ji kun ce dalma ka kashe ɗiya, mun hid da ita duk, ko cokali ba mu bari ba. Malam, ƙauyen duka haka sunka yi. Su dalma tukunya ta. Wa zai ce musu akwai dalma cikin dutse?"

Na ajiye basilla. Kun gani, ba wanda ya yi ƙarya. Dalmar tukunya daban, dalmar dutse mai guba daban, suna ne kawai ya zo ɗaya. Mu mun faɗi gaskiya, su ma sun bi magana iyakar yadda suka ji ta, har suka rabu da tukwanen aurensu saboda 'ya'yansu.

Ta ce, "Gobe Litinin. Mi za ka sa ga allo?"

Na ce, "Abin da kinka ce."

Ranar ce kaɗai na saɓa wa Baba Ishaya, ban sa haihuwa da aure a sama ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk mai magana da uwaye kada ya ce dalma ya yi shiru, ya ce ƙurar dutsen zinari, ya ce turmi, ya ce tsakar gida. Hajara kuwa ta ɗauko tukunyar dalma daga kicin ɗin asibiti da ɗan dutse a hannu, tana bin tabarma tabarma. Ta ɗaga tukunya ta ce wannan ku dafa abinku, ta ɗaga dutse ta ce wannan shi ne maƙiyin. Ba zan ce mu muka kawo ƙarshen abin ba, aiki ne na mutane da yawa, har ƙasar gidaje sai da aka kankare aka zuba sabuwa. Amma ƙarshen wata ya zo ya wuce, Hajara tana ɗakin yara. Littafin na same shi a taga, tsinken a karye. Atamfa kuwa sai dai in ta saya ta ɗaura.

Na ga kuna satar kallon tabarauna tun ɗazu. Bari in ƙarasa muku.

Shekarun baya yanar ido ta fara rufe mini gani. Na ɓoye. Na san wurin kowane littafi da hannu, gwangwanaye kuma da yatsa nake duba su. Amma allo ya tona ni, rubutuna yana ƙara girma yana gangarawa gefe kamar kunyar gona da yaro ya yi. Kuma shafi ya fara gagarata, sai in sa tsinke bisa tunani. Na san magani, aiki ne ake yi a cire. Ni da na yi shekaru ina kai wa mutane littafin tiyata, amma a ce a kusanto idona da wuƙa, sai in ja da baya. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Asibiti guda cike da masana, kowa ya gani, ba wanda ya ce mini kanzil. Ni na koya musu hakan.

Wata safiya na buɗe aljihun teburina, na ji littafi a ciki wanda ba ni na sa ba. Na shafa, ga tsinke. Na buɗe wurin, na kai shi taga, na kusanto da shi har hancina. Ban ga komai ba sai hazo-hazo. Sannan na rungumi littafin na bi baranda har ofishin shugabar nas-nas.

Na ce, "Hajiya, wani ya aje mini wanga."

Ta ce, "Ikon Allah. Ko wa ne ne?"

Na ce, "Ba a tambaya."

Ta ce, "Haka ne, Baba. Zamna in karanta maka."

Ta rufe ƙofa, ta karanta mini shafin daga sama har ƙasa, a hankali, tana mayar mini da shi Hausa: yadda ake kashe zafin wurin, yadda ake cire yanar, yadda mutum ke kwana ɗaya da bandeji. Da ta gama ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in ji tsoro ba. Ta zare tsinken ta sa mini a tafin hannu, ta koma ta zauna tana jira.

Na karya shi.

Ita ta raka ni har Sakkwato, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta. Da aka kwance bandeji, fuskarta na fara gani. Ashe har ta yi furfura a gaban goshi, yarinyar da ke cinye mini gyaɗa, ni ban sani ba.

To ku tashi, rana ta yi. Nura, ɗauko tsintsiyar nan ka duba mana tsinkaye masu ƙwari. Ke Zainabu, je ki wurin mai shayi ki zauna, ki bar wayar a nan. Akwai wata sabuwar nas a ɗakin haihuwa da ta kwana biyu ba ta dariya. Ki jiyo mana abin da ke damunta, kuma kada ki tambaye ta.